Jini a bayan-gidan yara: Cutar da sunan ‘basir’ ke ɓoyewa a Kano

A watan Fabrairun 2024, jami’an hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, tare da na hukumar PCN mai sa ido kan masu haɗa magani da sayar da shi, suka garƙame shagunan magani sama da 1,300 a Kasuwar Sabon Gari da Malam Kato da kewayensu a birnin Kano.

Matakin ya biyo bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, wadda ta umarci dillalan magani su koma sabuwar kasuwar da aka gina musu a Dangwauro, kan hanyar Zariya.

Kafin wannan lokaci, Sabon Gari na cikin manyan kasuwannin magani huɗu na Najeriya, tare da Idumota a Legas da Onitsha da Aba. Daga nan ne kwalayen magani ke bazuwa zuwa ƙananan kemis na jihohin Arewa, har da ƙetaren iyaka.

Muhawarar da aka tafka a lokacin ta tsaya ne kan jabun magani, da wanda wa’adinsa ya wuce, da wanda zafin rumfa ya lalata. Wannan damuwa ce ta gaskiya. Amma akwai wata da tashin kasuwa bai taɓa ba, wato sahihin magani da ake ɗura wa yaro saboda cutar da ba ita ke damunsa ba.

Babu inda wannan matsala ta fi fitowa fili kamar a sha’anin yaron da ke zubar da jini ta dubura, ko wanda wani jan nama ke leƙowa idan ya tsuguna. A Fagge da Sabon Gari, kamar sauran unguwannin Kano, amsar tana bakin kowa tun kafin a tambaya: basir ne.

Suna ɗaya, cututtuka barkatai

A bakin Bahaushe, kalmar basir buhu ce mai faɗin baki. Kumburin ciki basir ne, ciwon baya basir ne, taurin bayan-gida basir ne, raunin namiji ma basir ne. Idan abin ya shafi ƙaramin yaro, tsofaffi kan ce ɗankanoma. Maƙwabtansu Yarabawa na Sabon Gari kuma suna da nasu buhun, jedi-jedi, wanda ake jiƙa masa saiwoyi a kwalba.

A wajen likitoci kuwa, basir abu guda ne: kumburin jijiyoyin jini da ke bakin dubura. Ya fi samun manya, musamman masu juna biyu da waɗanda suka daɗe suna fama da taurin bayan-gida. Da wuya ƙwarai a same shi a jikin yaro ɗan shekara uku ko biyar. Idan ma an same shi, likita kan binciki hantar yaron, domin wani lokaci alama ce ta matsala a jijiyoyin da ke kai mata jini.

To idan ba basir ba ne, me ke sa yaro zubar da jini?

Abin da ya fi yawa a ƙananan yara shi ne tsagewar bakin dubura saboda bayan-gida mai tauri. Wannan yana da zafi, yaron kan yi kuka, har ya riƙa gudun fo.

Sai atini, wanda ke zuwa da gudawa mai majina da murɗar ciki, sau da yawa da zazzaɓi.

Akwai kuma shigewar hanji cikin hanji, wadda ta fi samun jarirai da ’yan ƙasa da shekara biyu. Jaririn kan tsandara ihu yana naɗe ƙafa, ya yi shiru, ya sake, sannan amai ya biyo baya da kashi mai jini da yauƙi. Wannan ba ya jiran gobe.

A yankunan noman rani, inda yara ke wanka a madatsun ruwa da magudanan ban-ruwa, akwai nau’in tsargiya da ke kama hanji maimakon mafitsara.

Sai kuma wanda ya fi kowanne iya ɓuya, saboda ba ya ciwo: tsiron hanji, wanda likitoci ke kira folif.

Mene ne tsiron hanji?

Wani ɗan nama ne da ke tsirowa a bangon babban hanji ta ciki. Galibi yana rataye ne da siririn wuya, kamar ɗan itace a jikin reshe. Girmansa kan kama daga kamar ƙwayar magarya zuwa kamar goro, wato santimita 1 zuwa 3.

Ya fi bayyana tsakanin shekara 2 zuwa 10, musamman kafin yaro ya shiga firamare. Littattafan likitancin yara na ƙiyasta cewa yaro 1 zuwa 2 cikin kowane 100 na iya samun sa. Idan aka bi wannan ƙiyasi, makarantar da ke da ɗalibai 1,000 ba za ta rasa yara 10 zuwa 20 da suka taɓa samun sa ko suke ɗauke da shi ba.

Mafi yawan lokaci guda ɗaya ne, kuma yana zaune ne a ƙarshen hanji, kusa da mafita. Duk lokacin da bayan-gida ya zo wucewa sai ya goge shi, shi kuma nama ne mai taushi da yawan jijiyoyin jini. Shi ya sa uwa za ta ga jan jini a saman kashin, ko ’yan ɗigo bayan yaron ya gama, ko a hannunta wajen yi masa tsarki.

Yaron ba ya kuka, ba ya zazzaɓi, yana cin abincinsa yana wasansa. Idan wuyan tsiron ya yi tsawo, yunƙuri kan turo shi waje, a ga wani jan ƙulli a bakin dubura, sannan ya koma da kansa ko a mayar da shi da yatsa.

Wannan nau’i na yara ba daji ba ne. Ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma babu hujjar da ta danganta shi da shan zaƙi ko cin maiƙo, duk da cewa su ne abin da ake fara hana yaro da zarar an ambaci basir.

Fitar baya daban take

Abin da ke ƙara rikita iyaye shi ne akwai wata larurar da ta yi kama da wannan, wato fitar baya. A nan, bangon ƙarshen hanjin ne da kansa ke zazzagowa waje, kamar yadda ake juya hannun riga.

Ta fi samun ’yan shekara 1 zuwa 4, saboda a wannan shekaru ƙarshen hanji a miƙe yake, naman da ke riƙe shi kuma bai gama ƙwari ba. Duk abin da zai sa yaro yawan yunƙuri na iya jawo ta: doguwar gudawa, atini, taurin bayan-gida, tari mai tsanani irin na shiƙa, da barin yaro ya daɗe zaune a kan fo.

A ƙasashen Turai, taurin bayan-gida ne kan gaba, kuma likitocinsu kan binciki wata cutar gado da ke shafar huhu da hanji. A ƙasashe masu zafi irin namu, gudawa da tamowa da tsutsar ciki ne ke jan ragama. Akwai wata siririyar tsutsa mai kama da bulala da ke maƙalewa a bangon babban hanji, wadda idan ta yi yawa takan sa yaro ya yi ta yunƙuri har bayansa ya fito. Yaron da ya rame kuwa ya rasa kitsen da ke tallafe wajen.

Ma’aikacin lafiya na iya bambance su da ido. Fitar baya tana da zobba-zobba a jikinta da rami a tsakiya, inda kashi ke fitowa. Tsiro kuwa dunƙulallen abu ne, ba shi da rami, kuma yana da wuya. Wani lokaci su biyun kan haɗu, inda nauyin tsiron ke janyo bangon hanjin ya biyo shi.

Bambancin yana da muhimmanci, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Mafi yawan fitar baya kan daina da kanta idan aka magance abin da ya jawo ta, yaron ya samu abinci mai gina jiki ya ƙara girma. Kaɗan ne ke kaiwa ga allura ko ɗinki. Tsiro kuwa, ko an shekara ana shan magani, ba ya narkewa. Cire shi ake yi.

Abin da ya sa Fagge da Sabon Gari ke cikin lissafi

Tsiron hanji ba ya zaɓen unguwa. Ɗan Nasarawa da ɗan Kwaciri duk ɗaya ne a wajensa. Inda bambancin yake shi ne wajen gano shi.

A Ƙaramar Hukumar Fagge, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan 200,000 kuma ta ƙara cunkoso tun daga lokacin, gidajen haya da yawa iyalai ne masu yawa ke amfani da ban-ɗaki ɗaya. Ruwan famfo ya zama tarihi a layuka da dama, sai na ’yan garuwa da na rijiyar burtsatse. Da damina, kwatoci kan cika su malalo cikin layi, inda yara ke wasa ba takalmi.

A irin wannan muhalli, gudawa da atini abokan zama ne. Saboda haka idan yaro ya yi kashi da jini, ko ma’aikacin lafiya ne, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne atini, kuma sau da yawa ya yi daidai. Yaron da ke da tsiro sai ya ɓace cikin taron masu atini, a yi ta ba shi maganin da aka ba su.

Ga kuma yunwa. Binciken lafiya na ƙasa na baya-bayan nan ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano ’yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Na shekarar 2018 kuma ya nuna kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya masu wata 6 zuwa 59 na da ƙarancin jini.

Ma’ana, yaron da tsiro ke ɗiban jininsa kaɗan-kaɗan tsawon wata shida ko shekara, dama can jinin nasa ba cikakke ba ne. Ranar da zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da shi, ko kuma yana da sikila, shi ke nan sai neman leda a ɗakin ba da agajin gaggawa. Ɗigon da aka raina ne ya share wa wannan ranar hanya.

Yadda tsiron ke yi wa masu magani talla

Akwai wata ɗabi’a ta wannan cuta da ya kamata a fahimta, domin ita ce sirrin daɗewarta a gida.

Jinin tsiron hanji ba kullum yake zuba ba. Yakan zo kwana biyu ko uku, ya ɗauke mako biyu ko wata guda, sannan ya dawo. Duk maganin da aka ba yaro a ranar da jinin ke zuba, to lallai za a ga “sauƙi” bayan ’yan kwanaki, ko da ruwan randa ne.

Idan daga kemis aka karɓo, sai a ce mai kemis ɗin nan ya san aiki. Idan jiƙo ne, sai a ce maganin gado ne. Da jinin ya dawo kuma ba a zargin maganin, sai a ce yaron ya sha alewa, ko an bar shi ya ci ƙuli-ƙuli. Sai a sake komawa wajen mai magani da sabon kuɗi.

Wani lokaci ma wuyan tsiron kan murɗe ya tsinke da kansa, ya fito cikin kashi. Idan hakan ta faru yaro na tsaka da shan jiƙo, mai maganin ya samu shaidar da zai yi shekara goma yana faɗa a lasifika: ga basir ya faɗo. Wanda bai sani ba dole ya gaskata.

Hanyar da iyali kan bi sananniya ce. A fara da kemis na bakin layi, a karɓo filajil da ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wasu har da kafson nan mai launin ja da ruwan ɗorawa, wanda likitoci suka hana bai wa yaron da bai kai shekara takwas ba saboda yana ɓata haƙora. Alhali lasisin da PCN ke bai wa irin waɗannan ƙananan shaguna bai ba su izinin duba marar lafiya ba, bai kuma ba su izinin sayar da magungunan da sai da takardar likita ba.

Idan wannan bai yi ba, sai a koma ga masu tallar maganin basir a bayan mota da bakin kasuwa da gidajen rediyo. Da yawansu kan ɗaga kwalba su nuna lambar NAFDAC. Abin da ba sa faɗa shi ne, lambar da hukumar ke bai wa mafi yawan magungunan gargajiya shaida ce ta cewa gwaji bai nuna guba a ciki ba, ba shaidar cewa suna warkar da abin da aka rubuta a jikinsu ba. Shi ya sa ake wajabta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Mataki mafi haɗari shi ne na taɓa naman da ya fito. Akwai masu ɗaure shi da zare, da masu shafa masa abubuwa masu ƙuna, da masu kai wa wanzami. Idan tsiro ne, a cikin wuyansa akwai jijiyar jini, kuma idan aka yanke ta koma ciki, jinin zai yi ta zuba a inda hannu ba ya kaiwa. Idan kuwa fitar baya ce, abin da aka ɗaure hanjin yaron ne da kansa.

A asibiti, aikin ba mai yawa ba ne

Abin takaicin shi ne, cikin cututtukan yara da ke buƙatar aikin likita, wannan na cikin masu sauƙi.

Mataki na farko tambaya ce: yaushe jinin ya fara, akwai ciwo, akwai gudawa, akwai wani a dangi da ya taɓa irin wannan? Na biyu, likita ya sa safar hannu ya duba da yatsa. Da yawa daga cikin waɗannan tsirrai yatsa na kaiwa gare su. Sai gwajin kashi don neman tsutsa da ƙwayoyin atini, da gwajin yawan jini.

Idan tsiron na kusa, akan sa yaron barci a cire shi ta dubura, ba tare da an tsaga ciki ba. Hanyar da ƙwararru suka fi so ita ce ta na’urar leƙa hanji, wata doguwar roba mai kyamara a baki, wadda ke nuna babban hanji gaba ɗaya. Da ita ake zarga wa wuyan tsiron siririyar waya, a yanke shi da lantarki a kuma ƙone bakin jijiyar a lokaci guda. Amfaninta shi ne, a wasu yaran akwai wani tsiron a can sama inda yatsa ba ya kaiwa.

Galibi yaro kan koma gida a ranar ko washegari. Naman da aka cire kuma dole a kai shi ɗakin gwaji a tabbatar da nau’insa.

Wannan gwaji na ƙarshe ba ƙawa ba ne. Akwai ƙalilan daga cikin yara da tsironsu na gado ne. Idan aka samu guda biyar ko fiye, ko kuma akwai tarihin irinsa a dangi, likitoci kan ɗauke shi da wata fuska, domin irin wannan na ƙara haɗarin dajin hanji idan an girma, kuma kowane ɗa na mai ɗauke da shi na da rabin yiwuwar gadonsa. Akwai ma wani nau’in da ke zuwa da baƙaƙen ɗigo a leɓe da cikin baki. Irin waɗannan iyalai na buƙatar a riƙa duba su lokaci-lokaci, kuma yaron da aka kai asibiti kan zama sanadin ceton iyayensa da ’yan’uwansa.

Inda gizo ke saƙa

Kano ba ta rasa asibitoci ba. A cikin Fagge akwai Asibitin Sheikh Muhammad Jidda da aka fi sani da Kuroda, ga asibitocin kuɗi birjik a Sabon Gari. A cikin gari akwai Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da Asibitin Yara na Hasiya Bayero, wanda gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta gyara ta sake buɗewa a watan Agustan 2023. Akwai Asibitin Yara na Khalifa Isyaku Rabiu a Titin Gidan Zoo, sannan ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake tura manyan matsalolin tiyatar yara daga Kano da Jigawa da wasu jihohin maƙwabta.

Matsalar tana tsakanin ƙofar gida da ƙofar waɗannan asibitoci.

Ta farko ita ce cunkoso. Ma’aikacin da ke da layin uwaye sama da abin da zai iya gani kafin azahar, da wuya ya tsaya duba duburar yaro. Rubuta maganin atini ya fi sauri. Idan uwar ta dawo bayan wata guda, wataƙila wani ma’aikacin za ta tarar, shi ma ya fara daga farko.

Ta biyu ita ce ƙarancin ƙwararru. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kusan 16,000 ne suka bar Najeriya cikin shekaru biyar zuwa bakwai, waɗanda suka rage kuma sun fi taruwa a Legas da Abuja. Leƙa hanjin ƙaramin yaro na buƙatar likitan da ya iya, da mai sa barci da ya saba da yara, da na’ura mai aiki, da wutar lantarki. Rasa ɗaya daga ciki na nufin a ɗage aiki.

Ta uku ita ce kuɗi. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. Ga magidancin da ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira 71,000 a Kano, ko ɗan dakon da ke jiran abin da kasuwa ta bayar, haɗa kuɗin gwaje-gwaje da na sa barci da na na’ura da na gwajin nama a lokaci guda babban tashin hankali ne. Kwalbar jiƙo kuwa da ’yan canji ake saye, ko da jimillar abin da za a kashe a shekara ta fi na asibitin.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. A Kano, hukumar KSCHMA ce ke tafiyar da tsarin taimakekeniyar lafiya. Sai dai shirye-shiryen tallafi sun fi karkata ga masu juna biyu da ’yan ƙasa da shekara biyar, alhali tsiron hanji na kaiwa har shekara goma. Ɗan shekara bakwai da mahaifinsa ba ma’aikacin gwamnati ba ne, sau da yawa ba ya cikin lissafin kowa.

Ta huɗu ita ce kunya. Uwa kan iya kwatanta zazzaɓi da tari dalla-dalla, amma idan aka zo maganar dubura sai ta ce “cikinsa ne ke damunsa,” musamman idan namiji ne a kan kujerar. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Abin da za a iya yi ba tare da sabon gini ba

Gwamnatin Kano ta ware wa fannin lafiya sama da kashi 15 cikin 100 a kasafinta na shekarun nan, wato ta cika alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001. Gyaran da wannan matsala ke buƙata bai kai kuɗin katangar asibiti ɗaya ba.

Hukumar kula da lafiya a matakin farko na iya kafa ƙa’ida guda ga cibiyoyinta a mazaɓu 484 na jihar: duk yaron da ya dawo karo na biyu da jini a bayan-gida, ba tare da gudawa ko zazzaɓi ba, kada a sake rubuta masa maganin atini. A duba shi, a rubuta masa takardar turawa babban asibiti.

Masu kemis ma ba abokan gaba ba ne. Su ne ke buɗe da dare, su ne ke ba da bashi, su ne uwa ta sani da suna. Ƙungiyarsu da PCN na iya koya musu alamomi kaɗan da ba a sayar wa magani, sai dai a ce a tafi asibiti. Idan an iya tayar da kasuwa sukutum zuwa Dangwauro, isar da wannan saƙo bai kamata ya gagara ba.

Haka nan hukumomin da ke sa ido kan tallace-tallace da kafafen yaɗa labarai na da hurumin hana tallar maganin basir ga ƙananan yara. Mai maganin gargajiya na ƙwarai ma ba zai so a ce a hannunsa yaro ya ƙarasa ba.

KSCHMA kuma na iya fayyace wa jama’a a fili ko cire tsiron hanji da gwajin naman na cikin abin da take biya, da kuma asibitocin da ake yi. Sanarwar ta fita da Hausa da Ibo da Yarabanci da Turancin kasuwa, ta bi ta masallatai da coci-coci da makarantun Islamiyya, domin Sabon Gari ba ta jin harshe ɗaya.

Ta fuskar fitar baya, makaman suna nan tuntuni: maganin tsutsa da ake rabawa a makon lafiyar mata da yara, ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14 ga mai gudawa, da rigakafin gudawar jarirai da Najeriya ta sanya cikin jerin alluran yara a 2022. Sai dai tsutsar nan mai kama da bulala ba ta cika mutuwa da ƙwaya ɗaya ba, don haka yaron da bayansa ke fita na buƙatar gwajin kashi ko da ya sha na rabo. Sauran aikin na ruwan sha ne da kwata, kuma wannan ba a ɗakin likita ake yin sa ba.

Ga iyaye

Likitocin yara na ba da shawarar cewa idan wani abu ya leƙo, a ɗauki hotonsa da waya kafin ya koma, domin sau da yawa a gaban likita ba ya fitowa. Hoton na likita ne kaɗai, a goge shi bayan an nuna.

Kada a ja, kada a ɗaure, kada a yanka. Idan bayan yaro ya fito, a kwantar da shi, a wanke hannu, a shafa man kaɗanya mai tsafta ko basilin a tura a hankali. Idan ya ƙi komawa, ko launinsa ya fara duhu, a rufe da tsumma mai tsafta da aka jiƙa a nufi asibiti a lokacin.

Haka nan ba a kwana da yaron da jini ke zubar masa da yawa, ko tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, ko yake amai kore, ko cikinsa ya kumbura, ko jaririn da ke ihu yana naɗe ƙafa.

Wanda kuma jininsa ɗigo ne kawai, yana zuwa yana ɗaukewa, yana wasansa kamar kowa, shi ne ya fi buƙatar wanda zai tsaya masa. Babu abin da ke jikinsa da zai tayar da hankalin gida, sai ɗan abin da uwa ke gani ita kaɗai a bakin fo. Idan an gani sau biyu, a kai shi a duba, a kuma faɗa wa ma’aikacin lafiya ainihin abin da aka gani da bakin da aka gan shi, kafin wani ya riga ya raɗa masa suna.